Jar Alkyabbar Madugu Barmo

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ƙawata ta da tsirrai, ya ɓoye ja a cikin saiwa, ya ɓoye rawaya a cikin ganye, ya ɓoye baƙi a cikin ɓawo, sa'an nan ya bar ɗan Adam ya nemo su da gumin goshinsa. Ya ku masu saurare, manyanku da ƙananku, ku gyara zama. Ni ce Tabawa 'yar Jatau, marinyar ulu, wadda ta taka ƙasashen da fatakenku ba su taɓa jin sunansu ba. Ban fita neman dukiya ba, ban fita yawon buɗe ido ba. Mutum ɗaya na fita nema, kuma na same shi.

An haife ni a Jan Ruwa, wani gari a kan tsaunukan ƙasar Zumbul, inda sanyi ke daskarar da ruwa a randa, tumaki kuma gashinsu har ƙasa yake ja. A kwarin da ke bayan garinmu akwai wata saiwa da muke kira jinin-ƙasa, ba ta fitowa ko'ina a duniya sai nan. Mu tono ta, mu shanya, mu daka, mu dafa ulu a cikinta, sai ya fito ja kamar garwashin da aka hura. Babana shi ne babban marinin garin. Innata, Delu, ita ke wankin ulu da kaɗi, ni kuwa ina tsakaninsu tun ban kai tsawon tukunya ba.

Kowace kaka wani attajiri, Madugu Barmo, yakan zo da ayarinsa ya sayi ulunmu. Mutum ne mai faɗin ƙirji da sanyin murya. A gidanmu yake sauka, ya ci tuwon Inna, ya kira Baba ɗan'uwansa. Wata shekara ya roƙi Baba ya nuna masa kwarin, wai yana so ya ga inda albarka ke tsirowa. Baba ya kama hannunsa ya kai shi.

Da kaka ta zagayo, Barmo ya dawo da mayaƙa. Ina kan tudu da tumaki, daga can na ga komai. Suka tara mutanen gari da tsinin mashi, suka sa su tone saiwar kaf, da irinta, aka labta wa raƙuma. Sa'an nan Barmo ya sa aka cinna wa kwarin wuta don kada wani ya sake samun ko tsinke. Baba ya fizge daga hannun masu riƙe da shi, ya faɗa cikin hayaƙin da jiƙaƙƙen bargo yana dukan wutar, shi kaɗai, tsoho da shi. Na ga Barmo ya ɗaga hannu ya hana a bi shi. Na ga ya nuna wa mutanensa hanyar da Baba zai fito, suka cinna mata wuta ita ma.

Suka kora kowa a gaba kamar shanu, har da Inna, zuwa Birnin Tagulla da ke bakin teku, su yi masa rini a matsayin bayi. Ni na sauko na binne abin da wuta ta bari. Ban yi kuka ba, hawayen ma ƙin zuwa suka yi. Na tsaya a kan tokar na yi rantsuwa cewa ba zan kafa murhu a kowane gari ba sai na ga ƙarshen Barmo. Na san mace ɗaya da wuƙa ba za ta ƙetare ganuwa da dogarai ta kai gare shi ba. Amma na san abin da zai sa ya buɗe ƙofa da hannunsa: ja wanda ya fi nasa. Baba ya taɓa ce mini can kudu, a ƙarshen duniya, akwai wani kurmi mai fure wanda jansa ke kunyata namu. Sai na yi kudu.

Na sauka daga tsaunuka, na ratsa wani daji inda mutane ke zaune a cikin ƙahonin wasu shanun da suka mutu tun zamanin da, kowane ƙaho ɗaki da rumfa. Na wuce wani tafki da kifayensa ke fitowa su yi kiwo a ciyawa. Daga nan na isa Birnin Alli.

Komai na garin nan fari ne fat. Ganuwa fara, jakuna farare, tuwo fari, miya fara. Sarakunansu sun gaji wani ciwon ido, launi na sukansu kamar ƙaya, don haka doka ta ce duk wanda ya shigo da launi a raba shi da shi. Mutanen kansu alli suke shafawa daga goshi har dunduniya. Tafin hannu kaɗai ake bari, don shi ake nunawa a ƙofar fada kowace safiya, a tabbatar ba ka taɓa abin da aka hana ba. Masu gadi suka ƙone zanena suka ba ni fari. Da suka ce in buɗe tafin hannuna, sai suka ja da baya.

Na ce, “Rini ne, tun ina yarinya. Ba ya fita da wanki.”

Babbansu ya ce, “To, zai fita da takobi.”

Suka sa mini mari a ƙafa, suka jefa ni wani tsakar gida, aka ce hauni, mai sare kai da hannu da umarnin sarki, zai zo da hantsi. Wata fursuna ta gaya mini al'adarsu: wanda za a sare shi ke zuba wa hauni ruwa ya wanke hannu, ya miƙa masa tsumma ya goge, alamar ya yafe masa. Na duba sama, sai ga bagaruwa an shafe gindinta da alli, 'ya'yanta sun zube a ƙasa. Na duba ƙafata, marin ya yi tsatsa jawur. Kowane marini ya san in bagaruwa ta haɗu da tsatsa baƙi suke yi. Na farfasa bagaruwar na jiƙa a butar wanke hannun. Na kankare tsatsar a ɗan kasko da ruwa, na yagi gefen zanena na tsoma a ciki.

Haunin ya zo, wani ƙato mai wuya kamar turmi. Na zuba masa ruwan butar, ya cuɗa hannu sosai. Na miƙa masa tsumman, ya goge. Kafin ya kai hannu ga takobi, tafinsa ya fara duhu, ya yi toka-toka, ya koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya goga a ƙasa, ya goga a bango, abin sai ƙara kamawa yake.

Ya ce, “Me kika yi mini, mayya?”

Na ce, “Abin da ke hannuna ne ya tsallaka naka. Gobe da safe in ka nuna shi a ƙofar fada, wa zai sare maka? Ko kana da mataimaki?”

Yana da shi kuwa, kuma ashe ba sa ga maciji. Ƙaton nan ya durƙusa yana kirana uwarsa. Na ce in yana son baƙin ya fita, ya kwance mini mari, ya nemo jaki da guzuri da tsamiya, ya fitar da ni ta ƙofar da ake fitar da gawa. Sai da ganuwar ta zama kamar farin zare a bayanmu na jiƙa tsamiyar na wanke masa hannu, baƙin ya fita. Ya tsaya yana juya tafinsa yana kallo, ni kuwa na zaburi jakina.

Bayan doguwar tafiya na fara jin wani ruri tun daga nesa, kamar ana kaɗa tambura a ƙarƙashin ƙasa. Kurmin ke nan. Itatuwansa dogaye, kowane reshe ya yi nauyi da wani fure ja wur, a kan furen kuma zirnaƙo ne, kowanne girman kurciya. A bakin kurmin na ga ƙasusuwan giwa. Jakina ya kafe, ya ƙi gaba. Ina tsaye sai ga wata tsohuwa mai ido ɗaya ta fito daga cikin itatuwa da kaskon hayaƙi a hannu, tumaki na biye da ita, zirnaƙon na darewa suna ba ta hanya.

Ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata. Ta ce, “Marinya. Shiga cikin hayaƙin nan, 'yar nan, kada ki yi gudu, kada ki kaɗa hannu.”

Sunanta Iya Yalwa, ita kaɗai ta rage a cikin marinan kurmin. Na zauna da ita damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Na ɗauka na iya rini, ashe bakin ƙofarsa kawai na sani. Ta sa ni wankin ulu da ruwan toka mai ɗumi har sai maiƙon ya fita, ba cuɗawa, ba murɗawa, don kada ya cure. Ta nuna mini yadda ake kwantar da shi a ruwan alif, dutsen da ke sa launi ya kama, kafin ya ga fure. Furen kuma sai wanda ya faɗo da kansa ake tsinta, a shanya a inuwa. Wuta a hankali, kada tukunya ta tafasa, in ta tafasa jan ya mutu ya koma ruwan ƙasa. Idan aka sauke, a bar ulun ya huce a cikin ruwansa. Na ɓata ulun tumaki da yawa, Iya tana zagina tana sake yi musu sausaya. Ranar da na tsamo wanda ya yi, na ɗaga shi, sai da idona ya kawo ruwa. Jan jinin-ƙasa kusa da shi kamar jan bulo ne.

Abu ɗaya Iya ba ta wasa da shi. Kafin ulun ya ga rana sai an ɗauraye shi da ruwan tsamiya, mu ma mu wanke hannu da shi. Ta ce furen na barin wani ƙamshi a jikin zare wanda hancin mutum ba ya ji, amma da rana ta gasa shi sai ya tashi, tsamiya kaɗai ke kashe shi.

Wata rana da azahar wani ragon Iya ya kutsa rumfar da muke rataye zaren da ba a ɗauraye ba. Ƙahonsa ya sarƙe da shi, ya firgita, ya fita da gudu cikin rana yana jan zaren. Bai kai bakin rafi ba sama ta yi duhu. Zirnaƙon suka sauko masa suna neman fure, da ba su samu fure ba suka huce a kansa. Kafin Iya ta hura kaskon hayaƙi, ragon ya daina motsi. Sauran tumakin da ke kusa da shi ko ɗaya ba a taɓa ba.

Iya ta juyo ta kafa mini idonta ɗaya. Ta ce, “Tunda kika zo ban taɓa ganin haƙoranki ba sai yau, a kan gawar ragona. Wane ne?”

Na gaya mata komai, tun daga tuwon da Barmo ya ci a gidanmu har hannun da ya ɗaga.

Ta ce, “Ban koya miki don kisa ba.”

“Na sani, Iya.”

“In na hana ki fa?”

“Sai in zauna in yi miki hidima har ki mutu, sa'an nan in tafi.”

Ta yi wata busasshiyar dariya. “Ba ni da niyyar mutuwa da wuri, kuma ba zan zauna da mai jiran gawata ba. Ɗauko babban tulun can.”

Da hayaƙi muka bugar da wani gidan zirnaƙo, muka sa shi cikin tulun da uwarsu da rundunarta, muka liƙe baki da yumɓu, muka bar 'yan ƙofofi na iska da na zura zuma da kara. Ta cika mini buhuna da busasshen fure. Da za mu rabu ta ƙi kallona, ta ce kada in gaya wa kowa hanyar kurmin, ko da wuƙa a wuyana.

A bakin teku na shiga jirgin fatake mai zuwa Birnin Tagulla. Matuƙan suka lura ba na rabuwa da tulun, ina rufe shi da bargo, ina zura masa zuma. Suka yanke cewa zinariya ce. Da muka yi nisa da gaɓa, sarkin jirgin ya zo da gatari a hannu, mutanensa a bayansa.

Ya ce, “Baiwar Allah, ba a hawa jirgina da abin da ban gani ba. Buɗe.”

Na ce, “Mijina ne a ciki.”

Suka kwashe da dariya. Na ce aljani ne ya aure ni, ba ya son haske, ba ya son maza, amma in sarkin jirgi na son gaisawa da shi, ya sa kunnensa. Ya sunkuya ya manna kunne. Na ƙwanƙwasa tulun da zobena. Rurin da ya tashi a ciki har katakon jirgin ya ɗauka.

Na ce, “Yana tambaya wane ne mai gatarin.”

Gatarin ya faɗa teku, ban san ko da gangan ba. Daga ranar aka ba ni wuri mafi inuwa a jirgin, matuƙan kuma suna kawo zumarsu suna ajiyewa daga nesa, wai a gaida maigida.

Birnin Tagulla kuwa, rufin gidajensa duk tagulla ne, da rana ba ka iya ɗaga ido. Barmo ya ƙasaita a can har sarkin garin sai abin da ya ce, don duk sarakunan bakin teku a wurinsa suke sayen ja. Na zauna a kasuwa na ɗora curin zare ɗaya, wanda na ɗauraye, a kan farin ƙyalle. Mutane suka yi cincirindo. Kafin rana ta take, dogarai sun tasa ni gaba da kayana zuwa gaban Barmo.

Ya tsufa, ya yi teɓa, amma muryar tana nan da sanyinta. Bai gane ni ba. Ya ɗora curina kusa da nasa, ya daɗe yana kallo, na ga jijiyar wuyansa na motsi.

Ya ce, “Wa ya san wannan bayan ke?”

“Ba kowa, ranka ya daɗe.”

Ya yi murmushi. “To, daga yau ke 'yar'uwata ce. Ina furen ke tsirowa?”

Na sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Na ce zan kai shi da kaina, amma ya bari in fara yi masa alkyabbar da ba a taɓa ganin irinta a kafaɗar kowane sarki ba, don ya san abin da zai saya. Ya ce daidai, ga bikin sa sabon jirginsa a ruwa na zuwa, manzannin sarakuna za su hallara. Ya sa aka kai ni marinarsa, aka kulle ƙofa a bayana. Tulun na ce ruwan sirrin rini ne, na ajiye shi a lungu cikin sauran tuluna, inda ƙarar daka ke rufe rurinsa.

A nan na ga mutanen Jan Ruwa, waɗanda suka rage. A bakin kwamin wanki wata tsohuwa ta duƙa, bayanta ya tanƙware, gashinta fari kamar ulun da ke hannunta. Na durƙusa kusa da ita na fara wanki. Can ta dubi hannuna.

Ta ce, “Wa ya koya miki riƙe ulu haka?”

Na ce, “Wata mata, a wani gari da aka ƙone kwarinsa.”

Hannayenta suka tsaya cak a cikin ruwa. Mai tsaronmu na zaune bai fi taku kaɗan ba, don haka ba ta ɗago ba. Sai ta ce a hankali, “Kin yi tsawo.”

A hankali a hankali, a bakin kwamin nan, na gaya wa Inna abin da ke cikin tulun. Ba ta ce in ji tsoron Allah ba, ba ta ce in haƙura ba. Ta tambaye ni wa zai fasa shi. Na ce zan san dabara.

Ta ce, “Ba wanda ke kallon tsohuwar baiwa da tulu a ka.”

Inna ta kaɗa zaren, ni na rina a cikin rumfa, na shanya a inuwa, ban kai shi kusa da tsamiya ba. Masaƙan garinmu suka saƙa shi da kauri, ninki biyu, kamar yadda na ce. Igiyar wuya ni na tufka ta da hannuna.

Barmo bai kai inda ya kai da sakaci ba. Ya san akan kashe mutum da tufa. Ya sa ni na yafa alkyabbar a zaurensa har ya gama cin abinci yana kallona. Ya sa aka yanki gefenta aka dafa aka ba kare ruwan. Ya sa aka goga ta a kan ƙujewar wani bawa. Zauren inuwa ne, tulun kuma na liƙe, ba abin da ya faru. Ya shafa ta kamar mai shafa doki, ya ce madalla.

Ranar bikin gari duk ya sauko bakin ruwa. An jera mu, bayin marina, don baƙi su ga yawanmu. Ni na ɗaura masa igiyar wuya a ƙofar gida, na yi mata ƙullin zarge na ɓoye a ƙarƙashin ado. Zan koma cikin 'yan'uwana sai ya ce, “A'a. Ke za ki riƙe mini gefenta, kowa ya san marinyar tawa ce.”

Na wanke hannuna da tsamiya tun da safe, amma yanzu ga ulun a tafina. Na riƙe. Muka fito kan dandamalin duwatsu inda ruwa ke da zurfi, rana na dukan tagulla tana dawowa kanmu. Da jama'a suka ga alkyabbar sai wurin ya yi tsit, sa'an nan aka ɗauki sowa. Barmo ya buɗe hannuwa yana juyawa a hankali, gumi na zubo masa. Na bar shi ya gasu sosai. Na hango Inna tana ratsa mutane da tulu a ka, a duƙe, kamar mai kai wa makaɗa ruwa. Idonmu ya haɗu. Ta sake shi a kan dutse.

Zirnaƙon sun daɗe a duhu, sun fito da fushi. Suka tashi sama kamar baƙin hayaƙi, suka yi kewaye ɗaya, suka miƙo. Na saki alkyabbar na faɗi rubda ciki na cusa hannuwana a ƙarƙashina, amma ɗaya ya riga ya same ni a hannun hagu, zafin ya tafi har cikin haƙorana. Yatsun nan da kuke gani a ƙage, tun ranar ba su sake miƙewa ba. Na ɗago kai duk da haka, don ban yi wannan tafiya don in rufe ido ba.

Sun lulluɓe Barmo. Muryar nan mai sanyi ta koma irin ta akuyar da ake yankawa. Dogaransa suka watsar da makamansu suka tsere, manzannin sarakuna suna tattake juna. Ya kama igiyar wuya ya fizga don ya yar da alkyabbar, ƙullin ya ƙara shaƙe shi. Ya yi ta juyi, ya rasa inda zai sa kansa, sai ya daka tsalle cikin ruwa.

Zirnaƙon suka rabu da shi suka yi sama. Amma ulu mai kauri in ya sha ruwa ya fi mutum nauyi. Ya taso, ya nutse, ya sake tasowa dab da dandamalin, fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya kaɗai ke buɗe. Akwai gorar tuƙi a yashe kusa da ni. Na ɗauka da hannuna mai lafiya. Ya gan ta, ya miƙo hannu.

Na ce, “Barmo, ni ce Tabawa 'yar Jatau, na Jan Ruwa.”

Ya tofar da ruwa. Ya ce, “Wane Jatau? Miƙo, miƙo, zan ba ki rabin garin nan!”

Shekara da shekaru ina shirya abin da zan gaya masa, kalma bayan kalma, a kan jaki, a bakin tukunya, a cikin jirgi. Duk ya tafi. Bai ma riƙe sunan ba. Na miƙa gorar, ya ɗauka ceto ne, har ya buɗe yatsu. Na ɗora tsininta a tsakiyar ƙirjinsa, na tura a hankali, na riƙe a nan har kumfa ta daina tasowa.

Garin ya hargitse. Dogarai da barori suka faɗa wa taskokinsa, sarki ya kulle kansa a fada, ba wanda ya tuna da bayin marina, ba kuma wanda ya tuna da tsamo gawa. Na sami Inna a zaune cikin fasassun tulun, an harbe ta a kafaɗa, hannun ya kumbura kamar gora, amma tana numfashi. Mazanmu suka fasa rumbun da Barmo ke ajiye irin jinin-ƙasa suka kwashe. Washegari da hantsi muka hau sabon jirginsa, mu duka, da wasu matuƙa bayi da su ma suke son gida.

Da jirgin ya ja daga dandamalin, Inna ta ce a kai ta gefe. Na riƙe ta, ta leƙa. Ruwan wurin garau yake har ƙasa. Can a kan farin yashi alkyabbar ta baje, tana motsi a hankali, kifaye na kewaya ta. Inna ta daɗe tana kallo, ta ƙanƙance ido irin yadda take yi in tana duba zare a haske. Na ɗauka addu'a za ta yi, ko tsinuwa, ko ta kira sunan Baba.

Ta ce, “Kwana ya yi a ruwan gishiri.”

Na ce, “E, Inna.”

“Dubi ruwan da ke kewaye da shi. Ko ɗis jan bai zuba ba.” Ta juyo ta kama hannuna mai ciwo, ta riƙe shi a ƙirjinta. “Babanki bai taɓa yin irin wannan ba.”

A nan kukan ya zo mini, a gaban matuƙa da kowa, ban kuma ɓoye shi ba.

Iyakar abin da ya gudana ke nan tsakanina da Madugu Barmo. Na faɗa muku shi yadda idona ya gani, wanda ya ji ya riƙe, Allah kuwa shi ne mafi sanin abin da ke ƙarƙashin ruwa da abin da ke cikin ƙirji.